Gadon gasa fata da man kare rana: kurakuran masu zuwa hutun Disamba a Accra

Da Disamba ta kama, gidajen Nima da Mamobi kan cika da 'yan uwa daga Landan da Hamburg, a kwashi yara zuwa bakin teku a Labadi ko Kokrobite. Washegari kafaɗa na raɗaɗi, hanci na saɓa.

Wasu tun daga Turai suke soma kuskuren. Masu hasken fata, musamman matasa ruwa-biyu, kan shiga gadon gasa fata, wato akwatin nan mai dogayen fitilu da ake kwanciya a ciki, wai don fata ta saba da rana kafin tafiya. Duhun da ake fitowa da shi shaida ce cewa hasken UV, wato hasken da ido ba ya gani mai ƙona fata da tsufar da ita, ya riga ya yi wa fatar illa, kariyarsa kuwa ba ta wuce SPF 3 ko 4 ba, a ma'aunin ƙarfin kariya da ake rubutawa a kwalbar man kare rana. Fitilun sun fi fitar da nau'in UVA, mai ratsawa can ciki ya tsufar da fata. A 2009 sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa waɗannan gadaje rukuni ɗaya da taba sigari cikin abubuwan da ke haddasa cutar, Brazil ta haramta su a shekarar, a Ingila kuma doka ta hana wanda bai kai 18 ba shiga. Kuɗin gadon gara a sayi man kare rana da malafa.

Mu na gida kuma cewa muke baƙar fata ba ruwanta da rana. Tana da kariya, amma ba cikakkiya ba, kuma rana ce ke ƙara baƙanta tabon ƙuraje. Wadda ke shafa man bilicin ta fi kowa shiga haɗari, saboda man ya rage abin da ke kare ta. Shi ya sa ake ganin kumatu sun ƙone sun yi duhu. Zabiya kuwa kullum yana bukatar SPF 50 da riga mai dogon hannu.

Hazon hunturu ma yana ruɗin mutane. Rana ta dusashe, iska na kaɗawa, sai a ɗauka ba komai, alhali Accra ba ta da nisa da tsakiyar duniya, kuma UV na ratsa hazo da gajimare. Man kaɗanya yana maganin kaushi, amma ba ya tare rana.

Babbar matsalar dai ita ce yawan man da ake shafawa. A nemi SPF 30 ko fiye, mai tare UVA da UVB (nau'in da ya fi ƙona fata) duka. SPF 30 na tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB, amma sai an shafa isasshe. Jikin babba na cin kusan mililita 35, ƙaramin cokali bakwai ke nan, fuska da wuya kuma layi biyu a tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya. Kwalbar mililita 200 da ta ishi iyali mako biyu a bakin teku, to ba a shafa ta yadda ya kamata ba. A shafa minti 20 kafin fita, a maimaita duk awa biyu da bayan iyo. Kunne, ƙeya da bayan ƙafa su ake mantawa. Abin da ba a rubuta a kwalba ba shi ne alwala: bayan ta Azahar da ta La'asar man fuska da hannu da ƙafa ya wanke, sai an sake.

Masu ƙin man saboda yana barin fuska fari fat kamar an shafa toka, mai sinadarin zinc oxide suka saya. Akwai mai launin fata, akwai kuma marar launi.

Baƙin da likita ya ba doxycycline don rigakafin maleriya su sani yana sa fata saurin ƙonewa. Kada a bar shan maganin, sai dai a nemi inuwa daga ƙarfe 10 zuwa 4. In za a haɗa da maganin sauro na shafawa, man rana ne a ƙasa. Jaririn da bai kai wata shida ba inuwa da tufafi ne nasa. Wajen saye kuma, ko a kasuwar Makola ko a ta Kejetia a Kumasi, a duba ranar ƙarewar aiki da rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a kuma guji kwalbar da ta wuni a tire cikin rana, don zafi na lalata sinadaran.