Yadda Ake Tara Tsofaffin Lambobin Yabo na Soja da na Aikin Agaji

A gidaje da dama na Arewacin Najeriya da Nijar da Gana akwai lambobin yabo da kakanni suka dawo da su daga yaƙin Kamaru ko na Habasha ko na Bama, suna kwance a gindin adaka tare da tsofaffin takardu. Wasu sun ɓace a hannun yara, wasu kuma an sayar wa maƙeran azurfa a kan nauyi an narkar. Tara irin waɗannan lambobi tsohuwar sha'awa ce a Ingila, inda gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans ke sayar da su, kuma mai farawa a nan zai iya shiga da ɗan jari kaɗan, muddin ya fahimci cewa darajar lamba tana ga sanin mutumin da aka ba ita fiye da ƙarfen da aka ƙera ta da shi.

Mataki na farko shi ne zaɓen fage guda, domin wanda ya ce zai sayi duk lambar da ya gani zai ƙare da tarkace. Fagen da ya fi kusa da mu shi ne na rundunar Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kafa a 1897, wadda bataliyoyin Najeriya da na Gana ke cikinta, kuma Hausa ce aka daɗe ana amfani da ita a barikokinta. Wani zai tsaya kan yaƙin duniya na biyu, lokacin da runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a Bama a 1944 da 1945. Wani kuma zai fi son na bayan 'yancin kai, kamar lambar tunawa da 1960, da lambobin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da na aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango da Lebanon da Laberiya. Mutumin Nijar yana da fagen lambobin Faransa, irin su lambar jarumta ta Croix de guerre da aka ƙirƙiro a 1915.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowane cin lokaci, shi ne koyon karanta lamba. A sami gilashin ƙara girman rubutu, a juya lambar a duba bakinta kafin a kalli fuskarta. Lambobin Ingila na yaƙin duniya na farko, wato ta azurfa mai kan Sarki George na Biyar da mahayin doki a bayanta, da ta tagulla ta nasara mai ƙyalle launin bakan gizo, duk an buga musu lambar rajistar soja da muƙami da suna da runduna a baki. A nan za a ga abin da ke rikita baƙon dillali amma ba ya rikita Bahaushe: akawun bariki yakan rubuta sunan kurtu yadda kunnensa ya ji, ya haɗa da sunan garinsu, saboda haka Audu kan zama Awudu, Garba ya zama Garuba, sannan Kano ko Sakkwato ko Bauci ta biyo baya a matsayin sunan mahaifi. Wanda ya san ƙasar yakan gane asalin sojan daga wannan ɗan layi.

Lambobin yaƙin duniya na biyu kuwa, Ingila ta raba su ba suna. Tauraron Bama, wato lambar yabon yaƙin Bama mai tsini shida, da ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, shi kaɗai ba ya faɗin ko na wane ne, shi ya sa farashinsa ba ya da yawa. Abin da ke ɗaga shi shi ne takardar sallama ko hoto ko katin 'yan mazan jiya da ya zo da shi. Haka ma yawancin lambobin Faransa, takardar shaidar da aka bayar tare da su ce ke ɗauke da suna. Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyaye zaman lafiya ita ma ƙira ɗaya ce ga mafi yawan ayyuka, ƙyallen ne kawai ke bambanta wanda ya je Kwango da wanda ya je Lebanon, don haka idan an sauya ƙyalle an shafe labarin.

Akwai wata lamba da ta cancanci a tsaya a kanta, wato Africa General Service, lambar yaƙe-yaƙen Afirka da Ingila ta fara bayarwa a 1902. A jikin ƙyallenta ake manna ƙananan ƙarafa masu sunan yaƙin da soja ya halarta, kuma daga cikinsu akwai na Arewacin Najeriya na 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato, da na 1906, shekarar yaƙin Satiru kusa da Sakkwato. A ganina mai tarawa Bahaushe zai riƙe irin wannan a matsayin shaidar tarihi, ba abin alfahari ba, domin ladan cin ƙasarmu ce, kuma da yawa daga waɗanda aka rataya wa ita 'yan ƙasar ne.

Mataki na uku shi ne saye. Masu sayar da kayan tarihi a kasuwanni irin su Kurmi a Kano sukan samu jefi-jefi, akwai kuma gwanjon intanet. Idan daga iyali za a saya, wajibi ne a tabbata magada sun yarda, domin lamba tana cikin dukiyar gado, kuma ba daidai ba ne a lallaɓi yaro ya ɗauko ta a ɓoye. A tambayi sunan tsohon da garinsu da shekarar da ya dawo, a rubuta nan take. Lambobin mutum ɗaya kuma ba a raba su, ko da guda ɗaya ce kawai ta burge mai saye.

Mataki na huɗu shi ne tantance jabu. Lambar gaske bugawa aka yi, zanenta a fili yake, alhali ta jabu da aka zuba a mazubi takan fito da ƙananan ramuka da layin haɗi a baki. Yawancin lambobin Ingila masu da'ira faɗinsu milimita 36 ne, saboda haka idan an auna an ga wani gefe ya ragu, akwai yiwuwar an goge sunan asali an sake buga wani. Haruffan da suka karkace ko suka bambanta da na sauran lambobin zamanin su ma abin tuhuma ne.

Lambobin aikin agaji suna bin waɗannan ƙa'idoji, sai dai sun fi wuyar samu a yankinmu. Mafi girma ga ma'aikatan jinya ita ce ta Florence Nightingale, wadda aka kafa a 1912, kwamitin Red Cross na duniya ke bayarwa, kuma Kofoworola Pratt ta Najeriya ta samu a 1973. Wannan ba kasafai take shiga kasuwa ba. Waɗanda mai farawa zai iya samu su ne lambobin daɗewa a aiki na Red Cross da na ƙungiyar agajin gaggawa ta St John, da bajojin horon agajin gaggawa, waɗanda galibi ke da suna ko lambar rajista a baya. Akwai kuma wadda Ingila ta fitar a 2015 ga waɗanda suka yi aikin cutar Ebola a Afirka ta Yamma.

Mataki na biyar shi ne bin sawun mai lambar. Ma'adanar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew a Landan tana da rajistar waɗanda aka ba lambobin yaƙi, jaridar gwamnati ta London Gazette tana buga sunayen waɗanda suka samu lambar jarumta, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila kuma tana da sunayen waɗanda ba su dawo ba, ana iya bincikawa kyauta ta intanet. A gida akwai ma'adanar takardu ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya. A gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban, amma a fi dogara da lambar rajistar sojan.

Mataki na ƙarshe shi ne adanawa. Kada a goge lamba da toka ko yashi ko man goge ƙarfe, domin baƙin da azurfa ta yi na shekaru ba aibi ba ne, gugar kuwa tana cinye zane da suna. Tsumma mai laushi ya isa, kuma a riƙe ta ta baki saboda gumin hannu. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe a bar shi. A sa kowace lamba a ambulan ɗin takarda dabam, cikin akwatin da laimar damina da ƙurar hunturu ba sa shiga, takardun kuma a ɗauki hotonsu, a nisanta su da gara. A buɗe littafi a rubuta ranar saye da farashi da wurin da aka samo kowace ɗaya. Ba a rataya lambar da ba a ba mutum ba a fita da ita, kuma wanda zai fitar da tsohuwar lamba daga Najeriya ya fara tuntuɓar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, domin akwai dokar da ta shafi fitar da kayan tarihi.