Kafin ka cika sito, tambayi kwamfuta

Salam 'yan uwa, musamman masu ajiyar albasa a Aliero da masu shinkafa shanshera wajen Argungu. Manyan kamfanoni suna da manhajar da ke taya su yanke shawara, amma wallahi Excel ko Google Sheets na wayarka, wato manhajojin lissafi, ma sun ishe ka.

Buɗe shafi ɗaya, ka riƙa zuba kuɗin buhu, kuɗin mota, 'yan dako, hayar sito, sai kuma wanda yawancinmu ke mantawa wato kayan da ke lalacewa, don albasa ko ba ta ruɓe ba tana ramewa a ajiye, buhun da ka zuba da kaka ba shi za ka ɗauko da damina ba. Sai ka sa lissafin ya fitar da ribarka, ka dinga canza farashi kana gani, in kasuwa ta tashi kaza fa, in ta faɗi fa? A Excel na kwamfuta akwai Goal Seek, shi zai nuna maka farashin da uwar kuɗi za ta fita.

Amma fa kullum da yamma ake shigar da lissafin, har bashin da ka bayar, in ka ba kwamfuta lambobin ƙarya amsar ƙarya za ta ba ka.