Yadda ake lissafin ƙaruwar gudun abu daga nauyinsa

Dubi mai ga-ruwa idan zai tayar da kurarsa cike da jarkoki. Sai ya sunkuya, ya kafa ƙafa a ƙasa, kurar na motsawa da ƙyar kamar ba ta so. Da ya sayar da ruwan kuwa, da hannu ɗaya yake fizgarta. Abin da masanin kimiyya Isaac Newton ya bayyana ke nan a 1687 a dokarsa ta biyu ta motsi: ƙarfin turi daidai yake da nauyi sau ƙaruwar gudu. Ga yadda za ka yi lissafin da kanka.

Fara da nauyi, a kilo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka 10 masu cin lita 25 kilo 250 ke nan. Mu ce kurar da jarkokin babu ruwa kilo 50 ne. Jimilla 300.

Sai ƙarfin turi, da newton ake auna shi. A nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Ba duk ƙarfin da mutum ya sa ake lissafawa ba, sai abin da ya rage bayan an cire tirjiyar taya da ƙasa. A cikin rairayi tirjiyar nan kan cinye kusan komai, shi ya sa kura ke kafewa. Mu ɗauka newton 150 ya rage.

Yanzu raba ƙarfin turin da nauyin ka sami ƙaruwar gudu: 150 gida 300, za ka sami 0.5. Wato duk daƙiƙa gudun kurar na ƙaruwa da rabin mita a daƙiƙa. Ninka wannan da lokaci ka sami gudun: bayan daƙiƙa 4, mita 2 take ci a daƙiƙa. Juye ruwan ka sake lissafi, 150 gida 50 ya ba ka 3. Ninki shida, alhali turin bai canja ba.

Kada dai ka ce mai nauyi ba ya gudu. Tirela na iya kamo ƙaramar mota a hanya, sai dai ta fi daɗewa kafin ta kai gudun, haka ma wajen tsayawa.

Faɗowa daga sama kuma daban ce. Idan nauyi ya ninka, jan da ƙasa ke yi wa abu shi ma ninkawa yake, sai ƙaruwar gudun ta tsaya a kusan mita 9.8 a daƙiƙa, duk daƙiƙa, ga babba da ƙarami, in dai iska ba ta tare su ba. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka faɗi ƙasa tare.