Fentin daɓen ɗaki a madadin kafet

In kuɗin kafet ya gagara, fenti ma yana fitar da ɗaki kunya.

Kwashe kaya, ka share daɓen, ka wanke shi da garin sabulu, don fenti ba ya kama maiƙo. Cike tsagogi da siminti. In daɓen sabo ne, jira kwana 28.

Kafin ka sayi komai, manna leda a ƙasa ta kwana. In ta yi gumi da safe, akwai danshi, fentin zai ɓare. Haƙura sai rani.

Sayi fentin ƙasa, na bango ba ya jure takawa. Buɗe tagogi, ka fara shafawa da rola daga ƙurya zuwa ƙofa, kada ka tsare kanka. Washegari ƙara shafi na biyu.

Gado da kujeru su dawo bayan kwana 3.