Yadda ake haɗa rautar mesh don Wi-Fi ya kai kowane ɗaki a gida

Rauta ɗaya ba ta cika wadatar da babban gida ba, balle ginin bulo da siminti mai dekin. A falo sabis cike, a ɗakin uwargida sanda ɗaya, a zaure kuwa sai dai mutum ya kunna datar wayarsa. Maganin wannan shi ne mesh: na'urori biyu ko uku da ake rarrabawa a cikin gida, suna miƙa wa juna intanet, duk da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. TP-Link Deco, Tenda Nova, Netgear Orbi da Eero duk irinsu ne.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka sani cewa mesh ba ya ƙara ƙarfin intanet ɗin da ke shigo maka. Rarraba shi kawai yake yi. Ka tsaya kusa da tsohuwar rautarka ka gwada gudu a Speedtest, manhajar auna saurin intanet. Idan a nan ma jan ƙafa yake, matsalar daga kamfani ce ko daga inda ka ajiye rautar, kuma sayen mesh asarar kuɗi ne.

Mataki na farko: haɗa uwar na'urar

Ɗauki ɗaya daga cikin na'urorin mesh ɗin, ita ce za ta zama uwa; idan kamfanin ya riga ya ware wadda za ta zama uwa, kamar a Orbi, ita za ka ɗauka. Kashe abin da ke kawo maka intanet, ko rautar MTN ko Airtel ce mai layi, ko akwatin faiba, ko Starlink. Soka kebul ɗin da ya zo a kwali daga raminsa da aka rubuta LAN zuwa uwar, sannan ka kunna su duka. Masu Starlink su duba tasu rautar tukuna, domin ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul, sai an sayi adafta daban. Ƙaramar MiFi ta aljihu ma yawanci ba ta da ramin.

Mataki na biyu: manhaja

Sauke manhajar kamfanin a waya, ka buɗe asusu idan ta nema, ka bi abin da take cewa. Za ta tambaye ka suna da kalmar sirri. Idan ka maimaita suna da kalmar sirrin tsohon Wi-Fi ɗinka harafi da harafi, wayoyi da talabijin za su hau da kansu, ka huta da bin su ɗaya bayan ɗaya. Amma idan rabin unguwa sun riga sun san tsohuwar, ga damar canzawa ta samu. Kada ta gaza harafi 8, kuma ka bar tsaron a kan WPA2 ko WPA3.

Daga nan ka kashe Wi-Fi ɗin tsohuwar rautar don kada su riƙa cin karo. Idan tsohuwar ce za ta ci gaba da jagoranci, wato raba wa wayoyi da sauran na'urori adireshin intanet, ka nemi inda aka rubuta Access Point ko Bridge a manhajar mesh ka zaɓa. Rauta biyu su yi ta raba adireshi a gida ɗaya yana rikita kyamarar tsaro da wasannin intanet.

Mataki na uku: inda za a ajiye sauran

A nan mutane suka fi ɓata aikin. Mutum zai ɗauki na'ura ta biyu ya kai ta ɗakin da babu sabis, yana zaton can ake buƙatarta. To, me za ta raba, alhali ita ma ba ta samu ba? Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda waya ke nuna sabis mai kyau daga uwar, kamar koridon da ke tsakanin falo da ɗakunan kwana. Bango ɗaya tsakaninsu ya yi, biyu da sauƙi, uku an matsa mata.

Ɗora ta a kan tebur ko kanta, a fili. Ban da bayan talabijin, ban da cikin durowa, ban da kusa da firji, tankin ruwa ko babban madubi. Dalili kuwa, mesh yana aiki da zango biyu ne aƙalla. Na 2.4 GHz yana ratsa bango ya je nesa, sai dai ba shi da sauri. Na 5 GHz yana da sauri amma siminti da rodi suna cinye shi, kuma da shi na'urorin suka fi son yin magana da juna. Shi ya sa a gidan sama ya fi kyau a ajiye ta bakin matattakala, inda sabis zai bi ta sarari maimakon ya yi ta fama da dekin.

Idan kuwa akwai sashen da ke can ƙetaren tsakar gida, ko shago a ƙofar gida, shawarata kada ka wahalar da kanka, ka ja kebul. Kebul ɗin intanet nau'in Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, kuma yawancin mesh suna gane kebul ɗin da kansu da zarar an soka. A saka shi cikin fayif saboda rana da ɓera.

Mataki na huɗu: gwaji da wuta

Zagaya gidan kana kiran bidiyo a WhatsApp. Inda hoto ya tsaya, matsar da na'urar da ke kusa taku biyu ko uku ka sake gwadawa. Manhajar ma tana nuna ƙarfin haɗin kowace ɗaya. Ka bar ta ta sabunta kanta idan ta nema, sannan ka buɗe Wi-Fi na baƙi daban, wanda za ka iya canza wa kalmar sirri bayan biki ba tare da ka taɓa na iyali ba.

Sai batun wuta. Idan uwar ta mutu, duk gidan ya mutu, ko da sauran suna kunne. Saboda haka ita da akwatin intanet su fara hawa layin inbata ko sola. Wanda ba shi da su ya nemi ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, amma ya karanta abin da aka rubuta a jikin cajar na'urar kafin ya saya: da yawa 12V ne, wasu 9V, kuma bakin filoginsu ba ɗaya ba ne.