Yadda Ake Horar da Malaman Islamiyyar Asabar da Lahadi

Makarantar da ke zama Asabar da Lahadi kawai, awa uku kowace rana, awa shida ke gare ta a mako. In aka cire hutu da bukukuwan sallah, a ce ta yi mako 40 a shekara, awa 240 ke nan. Daga tashin Lahadi zuwa Asabar kuma kwana biyar ne cur yaro bai ga malaminsa ba. Malamin da bai san yadda zai sarrafa wannan ɗan lokaci ba, kome iliminsa, zai ƙare shekara yana maimaita darasin watan farko. Yawancin masu koyarwar kuwa 'yan sa kai ne, sun yi karatu amma ba a taɓa koya musu koyarwa ba.

A fara da karatun malamin kansa. Kafin a ba shi aji, wanda ya ƙware a tajwidi, zai fi kyau mai ijaza, wato shaidar izinin karantarwa daga malaminsa, ya zauna da shi su biyu, ba a gaban ɗalibai ba, ya saurari Fatiha da shafi guda. Abin dubawa shi ne haruffan da harshenmu ke haɗewa: ث da س da ص, sai ذ da ز da ظ, sai ح da ه, da kuma ض wadda mutane da yawa suka taso suna furta ta kamar lam. Sannan hukunce-hukuncen nun mai sukun da tanwini guda huɗu: izhari, idgami, iƙlabi da ikhfa'i. Kuskuren malami ɗaya aji guda yake kamawa, kuma gyara haddar da ta zauna a karkace ya fi sabuwar hadda wuya nesa ba kusa ba. A nan ne kuma za a tsayar da riwaya, wato salon karatun Alƙur'ani da za a bi, Warsh ko Hafs. Wanda ya tashi da Warsh aka ba shi aji mai mus'hafin Hafs zai cakuɗa su tun daga Fatiha, inda Hafs ke jan mim ɗin "Maliki yaumid-din", Warsh kuwa ba ya ja. Dukansu ingantattu ne, amma riwaya ɗaya yaro yake buƙata a lokaci guda.

Sai tsara darasi. A koya wa malami raba awar Alƙur'ani kamar haka: minti 15 muraja'a, wato bitar karatun makon jiya, minti 10 ya karanta sabon darasi sau uku suna saurare, minti 10 su amsa tare, minti 20 sauraron ɗaya bayan ɗaya, minti 5 rubuta aikin gida. Sauraron ɗaiɗaikun nan shi ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne gwajin gaskiya. A karatun amshi yaro zai yi wata uku yana motsa baki a bayan muryar 'yan uwansa ba wanda ya gane. Idan ajin ya haura ashirin, a haɗa su biyu-biyu suna sauraron juna, malam yana zagayawa. Ƙananan yara kuma a canza musu aiki duk bayan minti goma zuwa sha biyar.

Lacca ba ta koyar da wannan. Kowane malami ya tashi ya koyar da darasin minti goma, misali farillan alwala, abokan aikinsa su zama ɗalibai. Bayan ya gama a faɗa masa abu biyu da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara. Ɗaya tak, domin wanda aka lissafa wa kurakurai goma ba zai gyara ko guda ba, wataƙila ma ba zai dawo ba. Sabon malami ya yi mako huɗu a ajin gogagge yana kallo kafin a bar masa nasa.

Batun bulala a yi shi a fili. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, Anas kuma ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Sai dai hana duka kawai ba ya isa, dole a ba malami abin da zai maye gurbinsa: canza wa yaro wurin zama, ba shi aiki kamar raba littattafai, magana da shi bayan darasi, sannan kiran iyaye. A rubuta doka cewa malami ba ya keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, kuma kowa ya san wanda zai kai wa rahoto in ya ga abin da bai gamsu da shi ba.

A koya wa malami faɗin "ban sani ba, zan bincika". An san Imamu Malik da yawan faɗin haka, kuma faɗin hakan ya fi fatawar ƙirƙira da yaro zai kai gida.

Taron bita na kwana uku sau ɗaya a shekara ba ya barin wani tasiri mai ɗorewa. Zaman minti 90 sau ɗaya a wata bayan an tashi, kan matsala guda, ya fi shi amfani. Shugaban makaranta ya shiga kowane aji aƙalla sau ɗaya a zango don ganin ko abin da aka koya ya isa ga yara. Kowane aji kuma ya kasance da rajistar da ke nuna surar da kowane ɗalibi ya tsaya da harafin da ke ba shi wahala, saboda 'yan sa kai sukan tafi a tsakiyar zango, wanda ya gaje su ya ɗora daga inda aka tsaya.