Yadda Ake Zaɓen Siginal Janareta Da Saita Tsohon Rediyo Da Shi

Yawancin tsofaffin rediyon da ke zuwa kan teburina, irin su National Panasonic, Philips da Sony da iyayenmu suka riƙa kama BBC Hausa da Rediyon Kaduna da su a gajeren zango, ba tsufa ne ya kwantar da su ba. Wani ne ya buɗe bayansu, ya ga ƙananan gwangwanaye masu kai kamar na kusa, ya ɗauki sukundireba ya hau murɗawa da kunne, yana neman inda murya za ta ƙaru. Kunne kuwa yana yaudara. Tasha tana tashi tana sauka da kanta, musamman da yamma, shi ma rediyon yana da dabarar rage ƙarfi in sigina ta yi yawa. Abin da kake buƙata shi ne tasha taka ta kanka, wadda ka san mitarta, ba ta gushewa, kuma kai ke ƙara mata ƙarfi ko ragewa. Wannan shi ne aikin na'urar da masu gyara ke kira siginal janareta. Ba ta da alaƙa da janaretan wuta. Ƙaramin gidan rediyo ce a kan tebur, mai fitar da fito ɗaya tak.

Abin da za ka duba kafin ka saya

Kusan duk rediyon da aka ƙera tun daga shekarun 1930 yana bin tsarin da injiniyan Amurka Edwin Armstrong ya fito da shi a 1918: kowace tasha ka kamo, sai a juya ta zuwa wata tsayayyar mita ta tsakiya, wadda ake kira IF, a can ake ƙara mata ƙarfi. A rediyon Japan da Amurka mitar nan kilohaz 455 ce. Na Ingila da yawa 465 ko 470 ne, wasu na Philips 452, na FM kuma megahaz 10.7. Saboda haka na'urar da za ka saya dole ta sauko ƙasa da 455, ta kuma hau har megahaz 30 don ta rufe matsakaicin zango da gajeren zango. In kana taɓa FM, sai ta kai 108.

Na biyu, ta iya ɗora fito a kan sigina, na haz 400 ko 1000, kamar kashi 30 cikin ɗari. In babu wannan, lasifika ba za ta ce komai ba.

Na uku shi ne wanda mutane ke rainawa, ni kuwa a wurina ya fi sauran: ta iya yin ƙasa da murya sosai. Rediyo mai lafiya yana jin siginar da ba ta wuce 'yan maikurobolt ba. Na'urorin zamani masu allon lamba da ake kawowa daga China mitarsu daidai take, ba kuskure, amma da yawansu ko ka rage su ƙarshe suna nan da ƙarfi, sai ka ƙara musu abin rage sigina a waje. Tsofaffi kamar Heathkit IG-102, Eico 324, Leader LSG-16 ko Advance E2 don wannan aikin aka yi su, sai dai allon mitarsu ya kan kauce, kuma su ma suna neman a canza musu kafasito, wato kayan cikinsu da ke ajiye wuta. In ka ci karo da ɗaya a wurin 'yan gwanjo, duba bayanta: ta Amurka wutar 110 zuwa 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, sai da taransifomar rage wuta.

Tsohuwa ka samu? Gwada gaskiyarta. Kamo tashar da ka san mitarta da wani rediyo mai lafiya, misali Kaduna a kilohaz 594, ka kawo wayar na'urar kusa, ka kashe fitonta, ka murɗa a hankali. Za ka ji wani kuka mai kaifi yana saukowa, yana kauri, har ya yi shiru, sannan ya sake tashi. Wurin shirun nan shi ne 594 cif. Duba abin da allonta ya nuna, ka rubuta bambancin a takarda ka manna. In kana da na'urar ƙirga mita, aikin ya fi sauƙi.

Kafin ka jona komai

Rediyo mai bawul, wato tsoho mai ƙwayayen gilashi a ciki, yana ɗauke da bolt 250 ko fiye, kuma manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta bayan an zare shi. Wasu ma ba su da taransifoma, ƙarfen jikinsu a haɗe yake kai tsaye da wutar gida. Waɗannan kada ka taɓa su sai ta taransifomar raba wuta. A bakin wayar na'urarka kullum ka sa kafasito mai 0.01 maikurofarad da ke jure bolt 630, don kada wutar rediyon ta koma ta ƙona ta. Kashe caja, inbata da ƙwan LED da ke kusa, domin ƙararsu tana cika matsakaicin zango. Kunna na'urar da rediyon, ka bar su minti 20 su ɗumama.

Mataki na farko: nemo cutar

Ba a saita rediyo mara lafiya. Fara daga baya ka taho gaba. Sa fiton 400 shi kaɗai a ƙafar tsakiya ta boliyom. In lasifika ta amsa, ɓangaren sauti lafiya lau. Koma 455 mai fito, ka taɓa mashigar transisto ko bawul na IF na ƙarshe, sannan na gabansa, har ka iso mai gauraya sigina, wato wanda ke juya tasha zuwa IF. Kowane taki ka matsa, sauti ya kamata ya ƙaru, ka riƙa rage na'urar. Inda ya ɓace ko ya ƙi ƙaruwa, cutar tana tsakanin nan da wurin da ka baro.

Mataki na biyu: gwangwanayen IF

Jona mitar awo, a ma'aunin AC, a wayoyi biyu na lasifika. Mai allura ta fi, don ido yana ganin tashinta da saukarta. Kai allurar rediyon inda babu tasha, ka ƙure boliyom, ita kuma na'urar ka sa ta a mitar IF ta rediyon, ka rage ta har fiton ya zama da ƙyar ake ji. Nan ne sirrin aikin duka: in sigina ta yi ƙarfi, rediyon zai danne ta da kansa, ka yi ta murɗawa allurar mitar awo ba ta motsi. A rediyo mai sandar eriya a ciki ba sai ka jona waya ba, naɗa waya zagaye uku ko huɗu ka ajiye kamar taƙi ɗaya daga sandar.

A rediyon transisto na Japan launi zai yi maka jagora: baƙi shi ne na ƙarshe, da shi za ka fara, sai fari, sai rawaya. Jan kada ka taɓa shi tukuna. Yi amfani da abin murɗawa na roba, ba sukundireban ƙarfe ba. Ƙarfe yana canza saitin, kuma zuciyar gwangwanin tana fashewa kamar gawayi. Na taɓa fasa ɗaya a rediyon wani dattijo da ya ce na mahaifinsa ne, sai da na yi makonni ina neman mataccen rediyo irinsa kafin na samu madadi. In ta cije, ɗumama ta kaɗan don kakin ya saki. Murɗa kaɗan-kaɗan, allura ta hau, ka rage na'urar, ka sake bi daga baƙi zuwa rawaya sau biyu.

Mataki na uku: allura ta faɗi gaskiya

Sa na'urar a kilohaz 600, allurar rediyon ma a 600 a matsakaicin zango, ka murɗa jan gwangwani har fito ya fito. Koma 1400 duka biyun, ka saita ƙaramar kusar osileta (ɓangaren da ke samar da mitar rediyon ta kansa) da ke bayan babban kafasiton neman tasha. Ɗayan yana ture ɗayan, don haka ka yi ta kai da komo har duka su zauna. Sai eriya: a 600 ka zame naɗin wayar da ke kan sandar har allurar mitar awo ta kai ƙololuwa, a 1400 ka saita ɗaya kusar, ta eriya. Ɗiga kakin kyandir a kan naɗin kada ya motsa.

Gajeren zango yana da tarko. Kusar osileta za ta ba ka fito a wuri biyu, ɗaya na gaskiya, ɗaya inuwa, tazararsu ninki biyu na IF, wato kilohaz 910. Bayan ka saita a megahaz 15, bar rediyon inda yake, ka ƙara wa na'urar ƙarfi ka kai ta 15.91. A yawancin rediyo nan ya kamata ka ji inuwar, a raunane. In a 14.09 ka same ta, a kan inuwa ka saita. Sassauta kusar zuwa ɗaya fiton, ka sake gwadawa. Daga nan ka kashe na'urar, ka zaro eriya, ka jira ƙarfe takwas da rabi na dare ka nemi Landan a inda allon ya ce take.